Madam da Wakiliya

Abdulbasit ne ya kawo zomanyar gidan, matarsa Sa'adiya ta mayar da ita bayan ɗakin janareta, Gwaggo Lantana kuma ita ta ɗauke ta.

Matar daraktan ma'aikatar su Abdulbasit ce ta ba 'yarsa Zahra ita, ranar da suka je gaisuwar Sallah a Maitama. Fara ce tas, idanu jajaye, kunnuwa a tsaye. Abdulbasit ya karɓa hannu biyu, ya yi ta godiya har Hajiyar ta gaji ta shige ciki. Da suka dawo Utako aka sayo kejin waya, aka kafa a falo kusa da talabijin. Aka ɗauki hoto. Aka tura wa Hajiya hoton.

Gwaggo Lantana ƙanwar mahaifin Abdulbasit ce, ita ta goye shi. A Zuba take zaune, tana da rumfar lemo da kankana a kasuwar 'ya'yan itace. Duk Juma'a takan bi akori-kurar Thaddeus, mai kai kaya kasuwar Utako, ta sauka gidan ɗan nata da ledar ayaba. Ta ci abinci, ta yi faɗan da za ta yi, ta koma.

Juma'ar farko Zahra ta tare ta tun daga ƙofa, ta ja ta har gaban kejin, ta faɗa mata sunan zomanyar, wani suna na Turanci mai tsawo.

"Wa?" in ji Gwaggo.

Zahra ta maimaita.

"Ba zan karya harshena da tsufana ba. Daga gidan manya ta fito, Madam ce."

"Kai Gwaggo, ke fa ba ki waye ba!"

"Ke da kika waye, ga majina nan a hancinki."

Madam ta karɓi guntun ayaba daga hannun tsohuwar, hancinta na motsi. Gwaggo ta yi dariya. Ta san akuya, ta san kaza, ba ta taɓa kiwon zomo ba, amma abin ya burge ta.

Ba a daɗe ba Sa'adiya ta ce falo yana wari, aka fitar da kejin baranda. Sai aka ce baƙi suna tuntuɓe da shi. Aka ja shi bayan gida, aka jingine da bangon ɗakin janareta, inda rana ke dukan kwano tun hantsi, in wuta ta ɗauke kuma hayaƙi ya turnuƙe wurin. A can Gwaggo ta same ta wata Juma'a, a kwance, tana numfashi sama-sama. Robar ruwanta ta bushe har ta yi kore. A gabanta ga ragowar shinkafa da miya, da ɓawon burodi, ƙudaje suna biki.

Gwaggo ta cika robar, ta dawo falo.

"Maman Zahra, wa ke ba Madam abinci?"

Sa'adiya tana danna waya. "Ai ta Zahra ce, Gwaggo. So muke ta koyi ɗaukar nauyi."

"Zahra, wa ke ba ta ruwa?"

"Momi ta ce kar in je wajen janareta, akwai wayar wuta."

Sa'adiya ta ɗago. "To ai na ce babanta ya riƙa dubawa in ya je tayar da injin."

Da Abdulbasit ya dawo masallaci aka tambaye shi. Ya ce shi yana dubawa. Kullum yana ganinta, tana nan.

"Tana nan," in ji Gwaggo. "Bangon ma yana nan."

Aka yi dariya, aka kawo abinci.

Daga nan Gwaggo ta ƙara ganyen dankali a ledarta. Amma Juma'a ɗaya ce a mako, cikin zomo kuwa bai san Juma'a ba. Ta kawo buhun harawa ta ajiye gefen kejin, ta nuna wa kowa na gidan. Da ta dawo ta tarar da buhun yadda ta bar shi, sai dai an ɗora jarkar man dizal a kai.

Madam ta yi ta lalacewa. Farin gashin ya koma ruwan ɗorawa, ya cuccure. Wayar ƙasan kejin ta cinye mata dunduniya har nama ya fito. Farce ya yi zaƙo-zaƙo ya lanƙwashe. Da yake ba ta samun abu mai tauri da za ta gaigaya, haƙoran gaba suka yi tsawo suka karkace, yawu na zuba a haɓarta. In Gwaggo ta miƙa ganye sai ta kama, ta juya shi a baki, ya faɗo. Kunnuwan da ke tsaye suka kwanta.

Sa'adiya ta ce aikin ofis ya yi yawa, ga miting, ga cunkoson hanya, mutum bai samu kansa ba balle zomo. Wata Juma'ar ta ce ai yanayi ne, haka suke yi in damina ta kusa. Wata kuma ta ce dama can da ciwonta aka ba su. Aka gaya wa Zahra zomanyar na da ƙwayar cuta, yarinyar ta daina ko leƙawa.

Gwaggo ta zaunar da Abdulbasit.

"Ba ni dabbar nan in tafi da ita."

"Haba Gwaggo, kyautar oga ce. Ba a bayar da kyautar oga."

"To a yanka, ta huta."

"Subhanallahi! In Hajiya ta tambaya fa? In ce mata mun cinye?"

"To a ciyar da ita."

"Ai ana ciyarwa."

Haka aka tsaya. Ba a bayarwa, ba a yankawa, ba a ciyarwa. Gida mai firij biyu da tankin ruwa a sama, an rasa wanda zai cika robar da ba ta kai kofin shayi ba. Mutanen gidan ba mugaye ba ne. Suna sallah, suna ba mai gadi tuwon Sallah. Kawai babu wanda zai rubuta musu takardar tuhuma a kan zomo, shi ya sa.

Sai ga bikin zagayowar haihuwar Zahra ya matso. Sa'adiya ta tura wa Hajiyar darakta katin gayyata don dai a ce an tura. Hajiya ta amsa ta ce za ta leƙo, ta ga 'yarta Zahra, ta kuma ga zomanyarsu.

Ranar Sa'adiya ta je bayan janareta da ƙafarta. Ta duba kejin ta ce, "Innalillahi." Ta sa aka kawo bokiti da garin sabulu, aka tsoma Madam aka cuɗe kamar tsumma, aka busar da ita da injin busar da gashi. Datti ya fita, gashi ya bi shi. Madam ta fito kamar jiƙaƙƙen ɓera, tana karkarwa, ƙasusuwan baya a waje.

Abdulbasit ya duba ya ce wannan ba ta nunuwa. Ya shiga mota, ya dawo da wata zomanyar, fara tas, jajayen idanu, ƙatuwa sumul. Ya ce wa zai bambance? Da aka rasa inda za a ajiye ta kafin biki, sai ya buɗe kejin ya jefa ta ciki.

"Ai jinsi ɗaya ne, za su saba," in ji shi.

Ba su saba ba. Kejin duk muninsa shi kaɗai Madam ta mallaka a duniya, ta tashi da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta kai wa baƙuwar cizo. Baƙuwar ta rama. Kafin a samo muciya a raba su, gashi ya cika wurin, kunnen Madam na hagu ya tsage gida biyu.

Ranar Asabar aka yi bikin. Gwaggo ta zo da sabuwar atamfa da ƙatuwar kankana. A tsakiyar falo ta ga kwando an shimfiɗa tawul, ga zomanya da jan kirtani an ƙulla mata a wuya kamar kyautar amarya. Ta sunkuya ta duba.

"Wannan ba Madam ba ce."

Sa'adiya ta matso da sauri. "Gwaggo, don Allah a hankali."

"Au, wakiliya aka naɗa mata? To sannu, Wakiliya. Allah ya taya ki riƙo."

Hajiya ta iso da ƙamshinta, aka miƙe. Ta sumbaci Zahra, ta leƙa kwandon.

"Masha Allah! Ji yadda ta yi ƙiba! Lallai Abdul kun iya riƙon amana."

"Ƙoƙari dai muke, ranki ya daɗe," in ji Abdulbasit, yana sosa ƙeya.

Gwaggo ta ajiye lemon da aka ba ta, ta zaga baya. An lulluɓe kejin da tsohon buhun siminti don kada baƙo ya yi kuskuren gani. Ta yaye. Madam na kwance a kusurwa, jini ya bushe a kunnen, ƙudaje sun rufe shi. Ido ɗaya ne a buɗe. Ta dubi tsohuwar, hancin ya ɗan motsa.

Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta kira kowa na gidan ba. Ta samo kwalin lemon da aka shanye, ta cire mayafinta ta shimfiɗa, ta ɗauko Madam. Ba ta fi nauyin mangwaro biyu ba. Ta kira Thaddeus a waya ta ce in ya gama sauke kaya ya biyo.

Lokacin da ta zagayo da kwalin, Hajiya ta fita, Abdulbasit ya bi motarta yana ɗaga hannu har bakin titi. A falo yara sun gama jan Wakiliya da kunne, sun koma kan kek. Tana maƙure ƙarƙashin kujera, kirtanin ya shaƙe ta.

"A mayar da ita baya, kar ta ɓata kafet," in ji Sa'adiya.

"Wane bayan?"

"Kejin mana, Gwaggo."

Gwaggo ba ta zo da niyyar biyu ba. Haushin Wakiliyar ma take ji saboda kunnen. Amma ta san kejin, ta san abin da yake mayar da dabba.

"Miƙo min wancan kwalin."

Ta kwance kirtanin ta ajiye wa Sa'adiya a hannun kujera. Sa'adiya ta bi ta har ƙofa, fuskarta rabi tsoro rabi jin daɗi.

"Me zan ce wa Baban Zahra?"

"Ki ce ni ce."

Thaddeus ya leƙa kwalayen ya washe baki, ya ce da gurguwar Hausarsa: "Mama, wannan babba ta isa farfesu. Wannan ƙaramin kuwa ko kare ba za ta karɓa ba."

"Ja mota, Tadiyos. Kai ma ba wanda zai karɓe ka, ga ka nan kana yawo."

A Zuba Gwaggo na da ɗan tsakar gida, ƙasa ce ba siminti ba, da bishiyar gwaiba a tsakiya. Ta kewaye wa Madam kusurwa ɗaya da tsofaffin akwatunan lemo, ta kewaye wa Wakiliya wata. Ta wanke kunnen da ruwan gishiri. Da yake ita mai kankana ce, kankana ta ga ta dace da mara lafiya. Ta yanka musu jan ciki, da ayaba, da gwanda, har suka ƙoshi. Washegari duk biyun suka kama zawo. Ta tsaya a kansu riƙe da ƙugu.

"Ikon Allah. Can yunwa, nan ƙoshi, duk ba ku gode ba."

Da cikin ya lafa sai ta ce bari ta yi sulhu. Ta sha sasanta 'yan kasuwa da suka zare wa juna wuƙa a kan layin sauke kaya, zomo ne zai gagare ta? Ta ɗauko Wakiliya ta dire a kusurwar Madam, ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, ta fara wa'azi. Ta ce musu duk su biyun an cuce su, kuma ba junansu suka cuta ba. Ta ce wanda ya haɗa su faɗan yana can yana shan iska mai sanyi a ofis. Ba ta kai ƙarshen maganar ba suka sarƙe, suna juyi kamar ƙwallo. Ta sa hannu ta raba, Madam ta sakar mata cizo a babban yatsa da karkatattun haƙoran nan.

"Ni? Ni kika ciza? To madalla. Ashe da sauran ranki."

Ta ɗaure yatsan tana dariya ita kaɗai.

Amma Madam ba ta ci. Takan juya wa duniya baya ta fuskanci bango. Sai Gwaggo ta dama dusa ruwa-ruwa ta ɗura mata da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya zube. Kunnen kuma ya fara ruwa. Thaddeus ya ce akwai wata likitar dabbobi ta hanyar Gwagwalada, can yake kai karensa. Gwaggo ta ce a je da duka biyun, don Wakiliya ma akwai rauni a cinyarta.

Da safen da za su tafi aka tarar Wakiliya ta cinye gindin kwalinta. Saura ɗaya. Gwaggo ta yanko murfin wanda aka cinye ta kafa a tsakiyar ɗayan ya zama katanga, ta sa kowace a ɓangarenta, ta rungume kwalin a cinya a gaban mota.

Motar Thaddeus ta tsufa. Ko a kan kwalta rawa take, balle da ya ce zai yanke ta wata hanyar ƙasa don kauce wa tirelolin da suka toshe mahaɗa. Suka faɗa rami, suka fito, suka faɗa wani. Kan Gwaggo ya bugi rufi. Ta ji abu ya faɗi a cikin kwalin, ta san katangar ce.

"Tsaya! Tsaya, za su kashe juna!"

"Mama, in na tsaya a nan ba za ta tashi ba sai an tura."

Ta kasa kunne. Shiru. Shirun ya fi ba ta tsoro. Ta ɗaga murfin a hankali, tana jiran ganin jini.

Suna manne da juna a kusurwa guda. Madam ta cusa kanta ƙarƙashin wuyan Wakiliya, Wakiliya ta kwantar da kunnuwa a bayan Madam, idanu duk a waje, jikinsu na rawa tare da motar.

"Tadiyos, duba nan."

Ya waigo, motar ta nufi kwata, ya dawo da ita. "Ah-ah! Tsoron tuƙina ta haɗa su!"

"Ba su kaɗai ba, ni ma na tuba."

Likitar ta rage haƙoran, ta yanke farce, ta wanke kunnen ta sa magani. Ta ce tsagar ba za ta haɗe ba, haka zai warke. Ta ce ciyawa da harawa su ne abinci, kankana sai dai ɗanɗano. Gwaggo ta ce ta ji, ba ta faɗi abin da ya faru ba.

Da suka dawo gida ta juye su a kusurwar Madam tana murna an shirya. Ƙafar Madam na taɓa ƙasarta ta tuna ita ce mai wurin. Faɗa ya dawo sabo.

Gwaggo ta zauna ta yi tunani. A mota lafiya, a gida yaƙi. To, a koma mota.

Haka zomaye biyu suka zama fasinjojin Thaddeus. In zai kai kaya kusa, Gwaggo ta bar rumfa a hannun maƙwabciyarta, ta ɗauko kwali ta shige gaba. 'Yan dako suka gano, suka riƙa tsokana.

"Hajiya, yau ina manyan za su?"

"Rangadi. Ku matsa, ba sa son warin hammata."

In an dawo kuma ta daina kai su kusurwar kowa. Sai ta sauke su a tsohon madafinta, inda babu wadda ta taɓa shiga, ta watsa harawa a tsakiya, ta zauna da tsintsiya a hannu. Da fari kowace ta kama bango. Wakiliya ta bi Madam da gudu, tsintsiya ta shiga tsakani. Wata rana Madam ta ciro mata gashi cike da baki, ta tsaya da shi kamar mai gemu. Sannu a hankali tsintsiyar ta rage aiki. Suka fara zama nesa da juna, kowace na yi kamar ba ta ga 'yar'uwarta ba.

Wakiliya akwai ci. Ba ta ɗaga kai daga harawa. Wata safiya Madam ta zuba mata ido tana tauna, ta daɗe tana kallo. Sai ta ja jiki ta matso, ta kama ɗaya ƙarshen karan da ke bakin Wakiliya, ta fara ci. Suka ci har hancinsu ya haɗu. Gwaggo ta ɗaga tsintsiya sama. Madam ta sunkuyar da kai ƙasa. Wakiliya ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta fara lasar goshin, ta gangaro kan kunnen da ita ta tsaga, ta yi ta lasa.

Gwaggo ta ajiye tsintsiyar. Ta fita ƙofar gida ta rasa wa za ta gaya wa, sai ta gaya wa mai tallan gawayi.

Daga ranar cokali ya huta. Gwaggo ta kwashe akwatunan duka, ta wanke tsakar gidan, ta sake musu. Gashin Madam ya tsiro, dunduniya ta rufe. Da hantsi sukan miƙe ƙarƙashin gwaiba, ƙafafu a baya, gefe da gefe kamar an jera burodi. Da yamma Madam ta ruga, ta yi tsalle ta murɗa jiki a sama, tsagaggen kunnen na kaɗawa, ta faɗo ta dubi Gwaggo kamar ba ita ba.

Sau ɗaya aka samu matsala. Wakiliya ta haƙa rami ƙarƙashin katanga ta ɓulla gidan maƙwabta, suka kama ta suka kife da kwando, ba su san ta wa ce ba. Wuni guda ana nema. Wunin nan Madam ba ta taɓa ko ganye ba. Ta koma bango ta fuskance shi, kamar yadda take yi da. Da aka dawo da Wakiliya da ƙamshin wani gida a jikinta, sai da suka yi 'yar hatsaniya, sai da aka sake zagaye a motar Thaddeus kafin zance ya daidaita. Gwaggo ta toshe ramin da dutse, ta kuma riƙe abin a ranta.

Duk wannan lokacin tana zuwa Utako ranar Juma'a. Ba wanda ya tambaye ta zomo sai Zahra.

Wata Lahadi da safe sai ga sallama. Abdulbasit ne, da Zahra a bayansa. Motarsa ba ta shiga lungun ba, takalminsa ya sha taɓo. A hannunsa akwai sabon keji na roba, ruwan hoda, da 'yar ƙararrawa a ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ƙafa. Zahra kuwa tuni ta zube ƙarƙashin gwaiba.

"Dadi, zo ka gani! Duk biyun! Wannan ce tawa, mai kunnen!"

Madam ta shinshina yatsunta, ta karɓi ganye.

Abdulbasit ya duba, ya yi mamaki na gaske. "Kai, Gwaggo, wannan ita ce? Wallahi kin yi ƙoƙari."

"Mun yi dai, ni da Tadiyos da ramukan hanya. Me ke cikin hannunka?"

Ya gyara zama. Ya ce jikokin Hajiya sun zo hutu daga waje. Hajiya ta ba su labarin zomanyar, sun nace sai sun gani. Za ta kawo su Utako ranar Asabar. Aro kawai yake so, da an gama zai dawo da ita da kansa.

"Wacce?"

Ya nuna Wakiliya. "Wannan. Ita Hajiya ta sani."

"Ɗayar fa?"

"Ai kin ga kunnen, Gwaggo. Za a yi tambaya."

"A yi mana. Kana da baki."

"Gwaggo, ba ki gane ba. Ana maganar ƙarin girma a ofis, sunana na kan teburin oga. Ba lokacin da za a ce na yi wasa da kyautarsu ba ne. Ga Zahra ma kullum kuka take, tana son zomonta."

"Ni ban yi kuka ba," in ji Zahra, ba ta ko waigo ba.

Gwaggo ta yi dariya har ta yi tari. "To ka kawo Hajiyar nan. Ga tabarma, ga inuwa, kankana kyauta. Yaran su ga zomo yana gudu a ƙasa."

"Hajiya? A lungun nan?" Ya dubi takalminsa. "Kuma ta ga biyu?"

"Biyu ne ai."

"Kwana nawa ne duka, Gwaggo? Dabba ce fa. Ba ta san an ɗauke wata ba."

Gwaggo ta daina dariya.

"Basiru," ta ce, da sunan da take kiransa yana ƙarami. "Ta sani. Wuni ɗaya aka raba su, waccan ta daina ci. Da cokali na tashe ta, ba zan koma cokali don a tafa maka ba. Kai ka karɓo rai hannu biyu, ka ajiye shi inda ko takalminka ba ka ajiyewa. Da ya lalace ba ka nemi magani ba, ka sayo wani. Yanzu sun samu juna, ka zo da ƙararrawa. In aikinka bai isa a ƙara maka girma ba, zomo ba zai isar maka ba."

Abdulbasit ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana juya ƙararrawar da yatsa. Ƙarƙashin gwaiba Wakiliya ta ture hannun Zahra ta kwanta a jikin Madam.

"Na ji, Gwaggo, na yi kuskure. Wallahi wannan karon a falo za ta zauna, ni da kaina zan riƙa ba ta ruwa. Zuwa Lahadi mai zuwa kawai. Don Allah."

Gwaggo ta tashi, ta kakkaɓe zaninta, ta ɗauki ƙullin harawa.

"Akwai ɗumame a tukunya in za ka ci. Zomo kam ba zan ba ka ba."